FILIN MANOMA: Sauya Tayar Mota In Ta Yi Faci A Hanya

Ga kaka ta kama. An yanke gero, dawa ta sunkuya, masara kuwa tuni aka fara ɗinke ta a buhuna. Daga yanzu har tsakiyar rani, duk hanyar da ta fito daga ƙauye za ka gan ta cike da a-kori-kura da ƙananan motoci, kowace an labta mata kaya, waɗansu sun nufi Dawanau, waɗansu Giwa ko Dandume ko Saminaka. A wannan lokaci ne kuma tayoyi suka fi shan wuya, gama kaya ya yi nauyi, hanyar gona kuwa cike take da ƙayar aduwa da ta bagaruwa, da tsinin karan dawa, da kututturen itacen da aka sare. Saboda haka a wannan mako muka ga ya kamata mu ɗan ajiye zancen iri da taki, mu yi magana a kan abin da manomi ko ɗan kasuwa ko ma'aikaci zai yi in taya ta yi masa faci a hanya, ba bakanike kusa, ba mai faci.

Watakila wani ya ce wannan ai ba abin ɓata takarda ba ne, kowane yaron mota ya iya. Gaskiya ne aikin ba shi da wuya, mutum ɗaya ya gama shi cikin minti ashirin ko talatin. Amma a tuna, ƙaramar mota ko ba kowa a ciki ta kai nauyin buhun masara goma sha biyu zuwa goma sha biyar, a-kori-kura irin su Hilux kuwa ta kai wajen ashirin tun ba a ɗora mata ko tiya ɗaya ba. Wannan nauyi ne za a jingina a kan wani ɗan ƙarfe wanda gindinsa bai fi tafin hannu ba, mutum yana tsugune a gefensa, motoci kuma suna wucewa a guje ta bayansa. Abin da muke so mai karatu ya riƙe tun daga nan shi ne, jak aikinsa ɗagawa ne, ba riƙewa ba. Duk sauran abin da za mu faɗa daga wannan magana ya fito.

Mun taɓa ganin abin da idonmu. Wata shekara, bayan ruwan ƙarshe na damina, muna dawowa daga wata gonar fadama sai muka iske wata a-kori-kura ɗauke da shanshera, ƙafarta ta baya ta dama ta yi faci. Direban ya kafa jak a kan ƙasa, ƙasar kuwa sama ta bushe amma ƙarƙashinta da danshi. Sun cire tayar ke nan, yaron motar ya zauna ya miƙe ƙafafunsa biyu ƙarƙashin motar don ya tallafo safaya da su, sai gindin jak ya nutse ta gefe ɗaya. Ba wata ƙara da muka ji sai "ƙit," motar ta zauna. Sai da muka sauke buhu goma sha ɗaya, mu shida, kafin muka iya zare shi. Allah ya sa da sauran kwana, amma ƙafarsa ta hagu ta karye wuri biyu, noman ranin wannan shekara kuwa a kwance ya wuce shi. Guntun katako ɗaya da an sa ƙarƙashin jak ɗin nan, da ba a kai ga haka ba.

KAYAN DA ZA A RIƘE

Ba a fafe gora ranar tafiya. Kafin mota ta bar gida a tabbata akwai safaya, kuma akwai iska a cikinta. Wannan shi ne abin da aka fi mantawa. Taya ko ba ta taka ƙasa ba iskarta tana raguwa sannu a hankali, ga mutum ya yi shekara bai leƙa ta ba, ran da ya bukace ta sai ya iske ta a kwance kamar wadda zai cire. Duk ran da aka je shan iska wurin mai faci a ce masa ya gwada har da ita. In a ƙarƙashin mota take rataye da sarƙa, kamar yadda ake yi wa a-kori-kura, a riƙa sauke ta lokaci lokaci ana sa wa sarƙar ɗan mai, don laka da tsatsa kan kama ta har ta ƙi saukowa.

Sai jak, da hannunsa. Jak iri biyu aka fi gani. Akwai mai kama da almakashi wanda ke zuwa da ƙananan motoci, akwai kuma mai kama da kwalba wanda ke aiki da mai. Kowane an rubuta a jikinsa nauyin da zai iya ɗauka, tan ɗaya ko biyu ko biyar. Wanda ke dakon amfanin gona kada ya dogara da ɗan jak na ƙaramar mota, ya nemi na kwalba mai tan uku ko fiye. Shi ma na kwalban yana da nasa aibin, in robar cikinsa ta tsufa sai man ya riƙa zurarewa, motar tana saukowa a hankali ba wanda ya lura. A gwada shi a gida: a ɗaga mota, a bar ta minti goma, a ga ko ta sauko.

Bayan wannan sai sifanar taya wadda ta yi daidai da notin motarka, in an sami mai baki huɗu ta fi, da guntun bututun ƙarfe kamu ɗaya da za a zura mata in noti ya yi gardama. Sai katako mai kauri, faɗinsa kamar taƙi ɗaya da rabi, kaurinsa yatsa uku, na itace mai ƙarfi. Sai waigi guda biyu, watau guntayen icce da aka fafe su kamar goshin gatari don tare ƙafar mota. Sai tocila, da alamar nan ja mai kusurwa uku da ke ƙyalli in fitila ta haska ta. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Tarayya, wadda aka kafa a 1988, ta wajabta wa kowace mota riƙe wannan alama da safaya, ma'aikatanta kuma suna tambayarsu a hanya. Amma ba don tsoron tara muke cewa a riƙe su ba.

SA'AD DA TAYAR TA TAFI

Faci iri biyu ne. Yawancin motocin yanzu tayarsu ba ta da tib a ciki, irin wadda masu ƙera motoci a Amurka suka koma gare ta tun wajen 1955. Irin wannan in ƙusa ko ƙaya ta shige ta, robar kan kama ƙusar, iska ta riƙa fita kaɗan kaɗan. Direba zai ji sitiyari ya yi nauyi, ko motar tana ja gefe ɗaya, ko bayanta yana lilo. Wannan da sauƙi. Ɗaya kuwa shi ne fashewa gaba ɗaya ana cikin gudu, wanda yawan kaya da ƙarancin iska da zafin kwalta ke jawowa.

In haka ta faru, ƙafa da kanta za ta nemi birki. Kada a yarda. Taka birki da ƙarfi a kan taya uku shi ke juya mota ta yi adungure. A riƙe sitiyari da hannu biyu gam, a tsai da kan motar sosai bisa hanya, a ɗaga ƙafa daga totur sannu sannu, a bar motar ta rage gudu don kanta. Sai gudun ya faɗi ƙwarai kana a taɓa birki a hankali, a ba da sigina, a gangara gefe.

To, ina za a tsaya? Nan ne mutane da yawa ke yin kuskure na fari, don tausayin taya. Mutum ya ji faci sai ya tsaya nan take inda yake, ko a tsakiyar kwana ne, ko a kan gada, ko bayan tudu inda mai zuwa ba zai hango shi ba sai ya iso kansa. Gara a ci gaba da lallaɓawa da gudun tafiyar ƙafa, taki ɗari biyu ko ɗari uku, har a sami wuri mai kyau, ko da tayar za ta lalace. Taya ana sayenta a kasuwa. Wurin da ake nema shi ne miƙaƙƙiyar hanya inda ake hango mota daga nesa gaba da baya, ƙasa shimfiɗaɗɗiya ba gangara, mai tauri ba yashi ba taɓo, kuma a fita daga kan kwalta sarai. In da hali a tsai da motar yadda ƙafar da za a yi wa aiki ba ta ɓangaren da motoci ke wucewa take ba. In dare ne, wurin kuwa daji ne da hankali bai kwanta da shi ba, a lallaɓa har ƙauye na gaba ko inda akwai mutane da haske.

Da tsayawa sai a kunna fitilun gargaɗi masu ƙiftawa, a ɗauki alamar nan mai kusurwa uku a kai ta baya, taki hamsin ko sittin, in babbar hanya ce ta masu gudu a kai ta taki ɗari. Ajiye ta dab da mota, yadda ake yawan yi, ba shi da amfani ko kaɗan, gama wanda ya ga alamar ya riga ya ga motar. Mota mai gudun kilomita 100 a awa tana cin kusan mita 28 cikin daƙiƙa ɗaya, ku auna da kanku. Ganyen da direbobinmu suka saba karyowa su jera bisa hanya yana taimako da rana, da dare kuwa ba mai ganinsa.

A ƊAURE MOTAR TUKUNA

Kafin a taɓa sifana sai an hana motar motsi. A kashe inji, a ja birkin hannu har ƙarshe, a sa ta a giya ta ɗaya ko ta baya. In mai sauya giya da kanta ce a kai sandar kan harafin P. Sa'an nan a sa waigi gaba da bayan ƙafar da ke can ɗaya kusurwar, watau in ta baya ta dama ce ta yi faci, a tare ta gaba ta hagu. In ba waigi a nemi manyan duwatsu biyu masu gindin zama, a buga su da ƙafa su shige sosai.

Kada wani ya ce ai na ja birkin hannu, me zan yi da waigi? Birkin hannu a yawancin motoci ƙafafun baya kaɗai yake kamawa, na gaba a sake suke. Ka ɗaga ƙafar baya ɗaya, ka rage rabin abin da ke riƙe da motar ke nan. Har ma akwai waɗansu, kamar tsofaffin Land Rover, da birkin hannunsu ba ƙafa yake kamawa ba, sandar da ke kai ƙarfin inji baya yake kamawa. Irin waɗannan da zarar ƙafar baya ɗaya ta bar ƙasa, motar tana iya gangarawa ko da birkin hannu a jaye. Mota kuwa ba sai ta yi tafiya mai nisa ba, in ta gusa taƙi ɗaya ya isa jak ya kwanta.

Sai mutane. Kowa ya fito, har tsohuwa, har mai barci. Mutum ɗaya in ya gyara zama a cikin mota tana kan jak, ya girgiza ta. Su koma can gefen daji nesa da kwalta, kada su tsaya gaban motar ko bayanta, a kama hannun yara.

Ga kuma abin da ya shafi manoma musamman, wanda littafin da ke zuwa da mota ba ya faɗa. In motar tana ɗauke da hatsi, a sauke buhunan da ke bisa ƙafar da ta yi faci, ko da biyar ko shida ne. Mun sani akwai wahala, ga rana ga sauri, ana so a riski kasuwa. Amma jak da aka yi don mota ba a yi shi don mota da buhu goma sha biyar ba, kaya mai tsawo kuma in mota ta karkata shi ma sai ya karkata ya ja ta. In dabbobi ne a ciki, a sauke su a ɗaure jikin itace. Sa ɗaya in ya juya daga wannan gefe zuwa wancan, nauyin buhu uku ko huɗu ne ya tashi ya koma lokaci ɗaya. Haka nan amalanken shanu mai tayar mota, a kwance shanun a janye su kafin a ɗaga ta.

KWANCE NOTI DA KAFA JAK

A fito da safaya da kayan aiki duka a ajiye kusa tun motar tana ƙasa, don kada a zo ana jan abu daga ciki bayan ta hau jak.

Noti ana fara sassauta shi ne tun taya tana ƙasa. Dalili biyu ne. In ƙafar tana sama juyawa za ta yi ta yi tare da sifana, na biyu kuma, ƙarfin da za ka sa ka karya noti mai gardama ya isa ya ture motar daga kan jak. A zura sifana ta shige kan notin har gindi, a juya hagu, watau saɓanin yadda hannun agogo ke tafiya. Rabin juyi ya isa ga kowane ɗaya, kada a cire shi. In ya ƙi, a zura bututun nan don hannun ya ƙara tsawo, a daidaita shi a kwance, a danna da nauyin jiki a hankali. Kada a yi tsalle a kai, sifana kan zame ta fasa wa mutum ƙwauri ko ta cinye kan notin. A lura kuma, waɗansu manyan motoci da matsakaita, musamman ƙirar Japan, notin ƙafafunsu na hagu a juye yake, dama ake juya shi ya kwance. Akan buga harafin L a kan ƙusar ko notin. Wanda bai sani ba sai ya yi ta ƙara ɗaure shi yana tsammani kwancewa yake, har ƙusar ta karye.

Sai kafa jak. A share ƙasa a daidaita ta, a shimfiɗa katako, a ɗora jak a tsakiyarsa, a tsaye sak. Ko a kan kwalta ne a sa katakon, gama kwalta da zafin bazara laushi take yi. Kada a yi amfani da bulon siminti ko tubali, ko a jera duwatsu a kan juna don ƙara tsawo. Icce in zai gaza yakan yi ƙara ya lanƙwasa mutum ya ji, bulo kuwa rugujewa yake yi farat ɗaya.

Ba ko'ina ake kafa kan jak a jikin mota ba. A ƙaramar mota, in ka leƙa ƙarƙashin ƙofa za ka ga wani ƙarfe mai kaifi ya bi tsawon motar, kusa da kowace ƙafa an yi masa 'yar tsaga biyu ko alama. Nan ne aka ƙarfafa don jak. Ka kafa a wani wuri, ƙarfen ya lotsa, jak ya zame. A a-kori-kura kuwa, in ƙafar baya ce akan kafa ƙarƙashin ƙarfen nan mai kauri da ya haɗa ƙafafun baya biyu, kusa da sifirin, in ta gaba ce a ƙarƙashin ƙashin motar. Wanda ke da littafin motarsa ya duba hoton da ke ciki, wanda ba shi da shi ya sa bakanikensa ya nuna masa wuraren nan huɗu tun yana gida. Wani lokaci taya in ta kwanta motar kan yi ƙasa har jak na kwalba ya ƙi shiga. Maganinsa a sa wani katako ko faffaɗan dutse gaban tayar da ta yi facin, a hau da ita kansa a hankali, sai wuri ya samu.

A ɗaga sannu sannu, ido yana kan jak. In aka ga ya fara karkata ko katako yana nutsewa, a sauke a sake kafawa, kada a ce bari a lallaɓa a gama. Da mota ta ɗan tashi sai a tura safaya a kwance ƙarƙashinta, kusa da jak, ta yadda in jak ya gaza motar za ta faɗa kan wili, ba kan mutum ba. A ci gaba da ɗagawa har tayar ta bar ƙasa da kamar yatsa uku ko huɗu, don safaya mai iska ta fi wadda ta kwanta tsawo, in ba a ba ta wuri ba ba za ta shiga ba.

Daga wannan lokaci har motar ta sauko, ba hannu, ba ƙafa, ba kai da zai shiga ƙarƙashinta. In noti ya gangara ciki a jawo shi da sanda. A yi aikin a tsugune ko a durƙushe, yadda mutum zai iya ja da baya, kada a zauna a miƙe ƙafa kamar yaron da muka ba da labarinsa.

SAUYAWA DA ƊAUREWA

A ƙarasa kwance noti da hannu, a zuba su cikin hula ko aljihu, don in sun faɗa yashi haƙoransu kan cika da ƙasa. A yi hankali, in an yi doguwar tafiya wili da noti suna da zafi ƙwarai. A kama tayar da hannu biyu, dama da hagu, a jawo ta. In tsatsa ta manne ta, kada a yi ta dukanta da ƙarfi mota tana sama. A mai da noti biyu ko uku a bar su sako-sako, a sauke motar, a girgiza ta daga gefe har a ji wilin ya saki, kana a sake ɗagawa.

Da ta fito sai a yi musaya: a jawo safaya daga ƙarƙashin motar, a tura wadda aka cire a madadinta. A goge fuskar ƙarfen da wili zai zauna a kai da tsumma, gama yashi ko laka in suka shiga tsakani wilin ba zai zauna daidai ba, bayan 'yar tafiya kuma ƙasar ta niƙe, noti ya saki. A daidaita ramukan safaya da ƙusoshin, bakin shan iska yana waje. In tayar ta yi nauyi a sa sifana ko sanda ƙarƙashinta a ɗan cira ta.

Kowane noti a fara shi da yatsu, ya yi juyi uku ko huɗu ba tare da gardama ba. In ya cije tun farko to a karkace ya hau, a mai da shi baya a sake. Yawancin noti gefe ɗaya yana da tsini kamar bakin mazurari, wannan gefen shi ke fuskantar wili, shi ke shiga rami ya daidaita ƙafar a tsakiya. An sha juya shi. Kada kuma a shafa wa haƙoran baƙin mai ko giris, domin noti mai santsi yakan ɗauru fiye da kima ba a sani ba.

Ba a ɗaure su bi da bi a kewaye. In ka ɗaure ɗaya sai ka tsallaka ga wanda ke fuskantarsa, ka dawo, ka sake tsallakawa, in biyar ne kamar kana zana tauraro. Ta haka wili ke kwanciya daidai ko'ina, kamar yadda mai ɗaurin ganga ke jan tsirkiya nan da can don fatar ta miƙe. A ɗan matse su tun tana sama, a janye tayar da ke ƙarƙashi, a sauke motar har ƙasa, a cire jak, sa'an nan a bi su da ƙarfi, a tsallake a tsallake kamar dā, sau biyu. Ƙarfin hannun babban mutum a kan sifanar da ta zo da motar ya isa ga ƙaramar mota. Bututun nan na kwancewa ne kawai. Masu hawa kan sifana da ƙafa biyu suna tsammani alheri suke yi, alhali ƙusar suke miƙarwa, wata rana ana cikin tafiya ta tsinke.

Kafin a tashi a kwashe waigi, a ɗauko alama, a kuma kawar da duwatsu da ganyen da aka jera bisa hanya. Dutsen da aka bari a kwalta mai babur ne zai ci karo da shi da dare. Bayan an yi tafiyar kilomita 50 ko kusa da haka a tsaya a sake bin noti da sifana, sau da yawa za a iske ɗaya ko biyu sun ɗan saki.

Waɗansu ƙananan motoci, musamman 'yan Kwatano, suna zuwa da wata siririyar safaya kamar ta babur. Ita wannan ta kai mutum wurin mai faci ce kurum. Ba a wuce gudun kilomita 80 a awa da ita, ba a yi mata lodi, iskarta kuma 60 ce a ma'aunin masu faci, alhali tayar ƙaramar mota ta kullum tsakanin 30 da 35 take sha. Ainihin adadin na kowace mota yana rubuce a wata 'yar takarda jikin ginshiƙin ƙofar direba.

ABIN DA BA NA MUTUM ƊAYA BA NE

Akwai tayoyin da ba mu ba kowa shawarar ya taɓa su ba sai wanda ya koya. Manyan motoci da yawa, da waɗansu tsofaffin motocin daji, wilinsu yana da zoben ƙarfe da ke riƙe da taya. Zoben nan in bai zauna daidai ba aka ba tayar iska, yakan fita da ƙarfin da zai kashe mutum nan take. Ba a taɓa shi sai an fitar da iskar sarai, ba a kuma tsayawa gabansa sa'ad da ake ba da iska. Ƙafar baya ta tarakta ma haka, musamman in an cika ta da ruwa don ƙara mata nauyi, ta kai buhu uku ko huɗu, in ta kwanto kan mutum ba zai iya ture ta ba. In abin ya faru a babbar hanya, motar kuma ta tsaya inda za ta jawo haɗari, lambar kiran Hukumar Kiyaye Haɗurra ita ce 122.

Tayar da aka cire a kai ta wurin mai faci ran nan, kada a ce sai an dawo daga kasuwa, gama mota marar safaya a hanyar gona ba ta da tabbas. In hujin a tafin tayar yake, inda ke taka ƙasa, kuma bai fi milimita 6 ba, yana gyaruwa, gyaran kirki kuwa shi ne a cire tayar daga wili a manna faci ta ciki. Igiyar robar da ake cusawa ta waje ta fid da mutum daga daji ce. In kuwa a gefen tayar ne ta yage, ko ta yi ƙululu kamar ƙwai, zarurrukan cikinta sun tsinke, ba facin da zai mai da su. A yi takalmi da ita ko guga.

Wanda zai sayi wata, musamman ta hannu, ya duba shekarunta. A gefen kowace taya, bayan haruffan DOT, akwai lamba huɗu a ƙarshe. Biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara, watau 2319 tana nufin an yi ta a mako na 23 na shekarar 2019. Roba tana tsufa ko ba a hau ta ba, zafin ƙasarmu kuwa yana gaggauta mata. Taya tana iya zama da zane raɗau kamar sabuwa alhali ta shekara goma, gefenta duk ya yi 'yan tsage-tsage kamar ƙasar fadama da rani. Kusa da lambar girman tayar kuma akwai wata lamba da ke nuna nauyin da za ta iya ɗauka: 91 tana ɗaukar kilo 615, 100 kilo 800, 106 kuwa kilo 950. Mai a-kori-kura da ya sa wa ƙafafun baya tayar ƙaramar mota don ta fi araha, ya lissafa buhunan da yake ɗorawa ya gani ko sun yi daidai. Iska kuma da safe ake gwada ta tun taya tana da sanyi. In an gwada da rana bayan tafiya za a ga ta hau, wannan zafi ne ya kumbura ta, kada a rage.

A mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu koma kan ajiyar wake da yadda ake tsare shi daga ƙwari.